Leo Fender, Mai Gyaran Rediyon Da Ya Ƙera Jitar Da Bai Iya Kaɗawa Ba

Wata Asabar cikin hunturun bara, ɗan yayata ya shigo mini gida da jita rataye a baya da leda a hannu, fuska a murtuke. Shekararsa goma sha tara. Jarrabawar gama sakandare ba ta yi masa kyau ba, tun daga nan yake bin wasu samari masu kiɗan biki a nan Kumasi, abin da uwarsa ba ta so ko kaɗan. Jitar tasa ta lantarki ce, gwanjo, irin waɗanda ake yi a kwaikwayi Stratocaster. Farar robar nan da ke shimfiɗe a fuskarta ƙarƙashin tsirkiyoyi ta tsage daga gefe, sai ya tara kuɗin kiɗan biki biyu ya sa aka kawo masa sabuwa mai ruwan ƙoƙon kunkuru. Da ya zo ɗorawa, ramukan sukuru suka ƙi haɗuwa. Tsohuwar ramukanta takwas, sabuwar goma sha ɗaya, kuma ko uku ba su faɗa wuri ɗaya ba. Mai sayarwa ya ce kaya in sun fita ba sa komawa. Shi ne ya nufo kawunsa, tun da ni ne mai koyar da kimiyya a gidan, ni ne kuma mai ƙarfen lika waya da dalma.

Makaɗa suna ce wa robar nan pikgad. Ni garkuwa nake ce mata, domin aikinta na asali ke nan, ta tare wa fentin jita kartar farcen robar da ake kaɗa tsirkiya da shi. Da can na ɗauka ado ce kawai. Sai da muka sassauta tsirkiyoyi, na kwance sukurun nan takwas na ɗaga ta, na ga duk kayan cikin jitar sun biyo ta: maɗaukan sauti uku, maɓallan ƙara murya da rage kaifi, makunnin zaɓen sauti, da wayoyinsu, duk a manne a bayanta. Abin da ya rage a hannun yaron katako ne da aka ƙwaƙule wa ramuka, sai 'yan wayoyi da suka riƙe juna. Na tsaya ina kallo. Duk wanda ya taɓa buɗe bayan tsohuwar rediyo ya san wannan tsari, allo ɗaya a jera masa komai, a zaro shi a gyara a mayar. Na ce a raina wanda ya tsara wannan abu mai gyaran rediyo ne. Ashe kuwa haka ne.

Kafin in ci gaba, na san cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda kiɗa ba ya cikin abin da suke saurara, malamai kuma sun yi bayaninsu a kai. Ni malamin aji ne, ba fatawa na zo bayarwa ba. Labarin wani mai sana'a na kawo.

An haifi Clarence Leonidas Fender ranar 10 ga Agustan 1909 a gonar iyayensa, tsakanin garuruwan Anaheim da Fullerton a jihar Kalifoniya ta Amurka. Manoman lemu ne. Yana ɗan shekara takwas ƙari ya fito masa a idon hagu, aka cire idon aka sa masa na gilashi, da shi ya rayu har ƙarshe. Ya ɗan taɓa fiyano da saksofon yana yaro, amma abin bai kama shi ba. Abin da ya kama shi rediyo ce. Bai kai shekara goma sha biyar ba ya ziyarci wani kawunsa, John West, mai shagon gyaran lantarkin mota a Santa Maria, ya tarar ya harhaɗa rediyo daga tarkacen kayan gyara tana ta magana da ƙarfi. Ya koma gida ya shiga kwance rediyoyi yana ɗaurawa, har maƙwabta suka fara kawo masa nasu.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai a matsayina na malami. Da ya gama sakandare a 1928 ya shiga ƙaramar kwalejin Fullerton, aikin akanta ya karanta. Ko darasi ɗaya na injiniyan lantarki bai zauna ba a rayuwarsa. Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai an cusa mana cewa ilimi shi ne abin da ke cikin manhaja, mai jarrabawa a ƙarshe. Yaron da ke bayan aji yana kwance tocila muna ce masa mara hankali. Ni kaina na sha ƙwace irin waɗannan tarkace na jefa a durowa.

Bayan kwaleji ya yi aikin kai ƙanƙara gida-gida a wani kamfani a Anaheim, daga baya suka mai da shi mai riƙe littafin kuɗi. Yana nan wani shugaban makaɗa ya roƙe shi ya haɗa masa lasifikokin da za su cika zauren rawa a Hollywood, ya haɗa, aka nemi ƙari har shida. A 1934 ya auri Esther Klosky, ya samu aikin akanta a hukumar hanyoyi ta jihar Kalifoniya a San Luis Obispo. Zamanin karayar tattalin arzikin duniya ne, aka rage ma'aikata aka sallame shi. Ya koma wani kamfanin taya, wata shida aka sake sallamarsa. A 1938 shi da matarsa suka koma Fullerton, ya ranto dala 600 ya buɗe shago mai suna Fender Radio Service. Yana da shekara ashirin da tara, ido ɗaya, bashi a wuya.

A shagon nan ne ya koyi abin da ya ɗora rayuwarsa a kai. Makaɗa suna kawo masa amfilifaya da ta ƙone, da jitar da aka liƙa wa maɗaukin sauti tana kuka. Mai gyara yana ganin kaya a ranar da suka lalace, ranar da mai ƙira ba ya nan. Yana ganin inda aka ɓoye waya a lungun da hannu ba ya shiga, da inda aka manne abu da gam ta yadda sai an fasa kafin a gyara. Ku tambayi kowane makanike a Suame Magazine, zai faɗa muku motar da yake zagin wanda ya zana ta duk ranar da aka kawo masa. Fender ya shekara yana wannan zagin a zuci, har ya yanke cewa in zai ƙera abu, sai wanda za a iya kwancewa da sukurudireba ɗaya.

Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu, idon gilashin ya hana a ɗauke shi soja, ya ci gaba da zama a shago. A nan ya haɗu da Doc Kauffman, makaɗi kuma mai ƙirƙira da ya taɓa aiki da kamfanin Rickenbacker. Suka kafa K&F suna yin jitar Hawai, wadda ake kwantarwa a cinya ana jan ɗan ƙarfe a kan tsirkiya, tare da ƙananan amfilifaya. A 1946 Kauffman ya ji tsoron bashin da faɗaɗa aikin zai jawo, ya janye, suka rabu lafiya. Fender ya sa wa kamfanin sunansa.

Ya kamata a gyara wani kuskure da ake yawan yi. Ba Fender ne ya fara jitar lantarki ba. Rickenbacker sun fitar da tasu tun farkon shekarun 1930, Les Paul ya yi gwaji da guntun katako mara rami wajen 1940, Paul Bigsby kuma ya ƙera wa mawaƙi Merle Travis wata a 1948. Matsalar da duk suke fama da ita ɗaya ce. Jitar gargajiya akwati ce mai rami a ciki, in aka ƙara mata murya da lasifika sai ƙarar ta dawo ta girgiza akwatin, maɗaukin sauti ya sake ɗauka, abin ya yi ta zagayawa har ya zama ihun nan da muke ji in mai sanarwa ya kusanto lasifika da makirfo a wurin ɗaurin aure. Katako daskararre ba ya wannan. Abin da Fender ya yi shi ne ya mai da wannan dabara kayan masana'anta, wanda za a yi ɗari a mako kuma talakan makaɗi ya iya saya.

A 1950 ya fitar da Esquire mai maɗaukin sauti ɗaya, sai Broadcaster mai biyu. Gangar jikin falle ɗaya ne na katako da aka yanka da injin zarto. Wuyan kuma ba a manne shi da gam ba kamar yadda masassaƙan jita suka gada, sukuru huɗu suka riƙe shi, in ya lalace a kwance a ɗora wani. A wurin baje kolin kayan kiɗa aka yi ta yi masa dariya, wasu na kamanta ta da filafilin kwale-kwale. Kuma gaskiya ta farko ta zo da aibi. Fender ya dage cewa katakon wuyan yana da ƙarfin da ba ya buƙatar sandar ƙarfe a ciki, sai wuyoyi suka fara lanƙwashewa a hannun masu saye, dole ya sauko ya sa ƙarfen. Taurin kai yana da shi, amma in kaya suka dawo shago yakan ji magana.

Farkon 1951 kamfanin Gretsch ya bugo waya cewa suna da ganguna masu suna Broadkaster, a bar musu sunansu. Fender ya bari. Amma akwai tarin takardun suna da aka riga aka buga, shi kuwa akanta ne, ba ya zubar da abin da aka biya wa kuɗi. Ya sa aka riƙa datse kalmar Broadcaster da almakashi ana manna sunan Fender kawai. Jitocin da suka fita babu suna a 'yan watannin nan su ne masu tara kayan tarihi ke kira Nocaster, yau suna cikin mafi tsada. Daga baya Don Randall, mai kula da cinikin kayan, ya raɗa mata Telecaster, tun da talabijin ne sabon abin yayi a lokacin.

Garkuwar waɗannan jitoci na farko baƙa ce, falle ɗaya, da sukuru biyar, an shafe ta da ruwan sheƙi. Har yau da ita ake gane su, in aka ce mai baƙar garkuwa an san ana nufin ta 1950 zuwa 1954. A ƙarshen 1954 aka koma fara.

Cikin 1951 ɗin dai ya fitar da abin da ni a ganina ya fi komai canza kiɗan duniya, wato Precision Bass. Kafin nan mai kiɗan bes yana fama da wani ƙaton akwati da ya kai tsawon mutum, ba ya shiga mota, kuma in ganguna suka tashi ba a jin sa. Fender ya mai da shi abin ratayawa a kafaɗa, ya jera masa ƙarafan ma'auni a wuya don yatsa ya faɗa daidai, dalilin sunan ke nan. Monk Montgomery na ƙungiyar Lionel Hampton yana cikin waɗanda suka fara fita da ita. James Jamerson ya kaɗa ta a waƙoƙin Motown. Ƙanwarta Jazz Bass da ta fito a 1960 ita ce a hannun Aston Barrett, mai bes ɗin Bob Marley, don haka duk wanda ya taɓa shiga trotro direba ya saki rege, ya ji aikin Fender a ƙirjinsa ko bai san sunansa ba. Amfilifayar da ya yi wa bes ɗin, Bassman, ita ce Jim Marshall na Ingila ya kwaikwaya a 1962 ya fara nasa kamfanin.

To, sai Stratocaster a 1954, uwar jitar ɗan yayata. Fender bai iya kaɗa jita ba, ana ma cewa ko saita tsirkiya bai ƙware ba. Saboda haka kunnen wasu ya ara. Yakan ba makaɗan gidajen rawa samfuri su tafi da shi aiki su dawo su faɗa masa abin da ya dame su. Bill Carson da Rex Gallion suka yi ƙorafin cewa kaifin gefen Telecaster yana cin haƙarƙari da damtse in an daɗe a tsaye, sai aka fafe bayan sabuwar inda ciki ke jingina, aka zaftare gaban inda hannu ke sauka. Freddie Tavares, makaɗi ɗan Hawai, ya taya shi zane, George Fullerton yana kula da aikin ƙira. Sandar lanƙwasa sauti da ya fara tsarawa ba ta yi ba, bayan an kashe kuɗi a kanta ya watsar ya sake sabuwa daga tushe. Ya kuma yi kuskuren suna, ya kira ta tremolo alhali a harshen makaɗa aikin da take yi sunansa vibrato, kuskuren ya bi duniya har yau ba a gyara ba. An sa mata dala 249.50.

Nan ne garkuwa ta tashi daga mai tare karta ta zama allon rediyo. A Telecaster kayan lantarkin a warwatse suke, wasu a farantin ƙarfe, wani a gindin tsirkiya. A Stratocaster ya tattaro maɗaukan sauti uku da maɓallai uku da makunni ya ɗora su duka a kan garkuwa. Amfanin wannan a masana'anta babba ne. Masassaƙa suna can suna yanka katako, masu fenti suna nasu, a wani teburi kuma mata suna zaune suna naɗa waya suna likawa da dalma, ba mai jiran wani. In komai ya kammala a kifa garkuwa a kan katako, a lika 'yan wayoyi, a ɗaure sukuru, shi ke nan. Da yawa daga ma'aikatan nan 'yan asalin Meziko ne. Wasu matan sukan rubuta sunansu da kwanan wata a ɗan salatif su manna a cikin ramin, masu buɗe tsofaffin jitoci suna tarar da su har yanzu. Ɗaya daga cikin ma'aikatan, Abigail Ybarra, ta shiga kamfanin a 1956, ta shahara da naɗa maɗaukan sauti, ba ta ajiye aiki ba sai 2013.

Maɗaukin sautin kansa abu ne da nake koya wa 'yan aji a darasin maganaɗisu ba tare da na san yana cikin jita ba. 'Yan sandunan maganaɗisu shida ne, an naɗe su da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe in ta girgiza a samansu sai ta motsa filin maganaɗisun, ƙaramar wuta ta taso a cikin wayar, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Aibinsa shi ne ba ya bambance tsirkiya da wutar gida, yana kwaso gurnanin waya da na fitila. Shi ya sa ake shimfiɗa gorar ruwa a bayan garkuwa a haɗa ta da wayar ƙasa. Ba ta kashe gurnanin duka, amma tana rage ƙarar zizar nan sosai.

Garkuwar Stratocaster ta farko fara ce, falle ɗaya, sukuru takwas, kuma takan kumbura tsakanin sukuru da sukuru. Marufan maɗaukan sauti da maɓallan farko ma wata roba ce mai saurin tsagewa, sai da aka canza ta bayan shekara biyu zuwa uku. A tsakiyar 1959 aka koma garkuwa mai falle uku, fari da baƙi da fari, aka ƙara sukuru zuwa goma sha ɗaya don ta kwanta sosai, aka kuma sa mata cikakken farantin gorar ruwa a ƙasa. Da seluloyid aka yi ta, robar da ake yin fim ɗin silima na da. Wannan roba tana da hali. Tana tsukewa da shekaru har ta ja sukuru ta tsage, tana rinewa ta koma kore-kore, ga ta da saurin kama wuta kamar fetur. A 1965 aka bar ta aka koma robar da ba ta wannan. Abin dariya, koren nan da ya kasance aibi shi ne yau ake biyan kuɗi a saya, kamfanoni suna rina sabuwar roba da gangan ta yi kama da tsohuwa. Wajen 1963 kuma an ɗan gusar da ramin sukuru ɗaya daga inda yake. Wato ko tsakanin jitocin Fender na asali, goma sha ɗaya da goma sha ɗaya ba lallai su haɗu ba, balle kwaikwayon da aka yi a wata masana'anta da nata ma'auni. Da ɗan yayata ya san wannan da kuɗin bikinsa biyu suna aljihu.

Ya gwada wasu kayan ma. Precision Bass ta 1957 da Jazzmaster ta 1958 sun fito da garkuwar gorar ruwa mai ruwan zinariya, wadda ke tare gurnani da kyau, sai dai gumin hannu yana cinye launin, a 1959 aka maye ta da mai ruwan ƙoƙon kunkuru. Wannan ma roba ce, kwaikwayo. Ƙoƙon kunkurun teku na gaske da ake yin mataji da farcen kiɗa da shi a da, an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun shekarun 1970. Jazzmaster ɗin kuwa, ya yi ta ne don makaɗan jaz, suka ƙi ta, sai samarin bakin tekun Kalifoniya suka ɗauka. Ba kullum yake cin nasara inda ya nufa ba.

Yadda Stratocaster ta bazu kowa ya sani, ba sai na daɗe a kai ba. Buddy Holly ya fito da ita a talabijin a 1957, Hank Marvin ya samu ja a Ingila a 1959, da fentin mota ake yin launukan. Jimi Hendrix, bahago, ya juya ta ƙasa a sama a Woodstock a 1969. Eric Clapton ya sayi tsofaffi ya kwance uku ya haɗa ɗaya, abin da ba zai yiwu ba in da wuyan da gam aka manne. David Gilmour ya cire farar garkuwar baƙar jitarsa ya sa baƙa, ita ce aka yi gwanjonta a 2019 a kan kusan dala miliyan huɗu. A Nijar, Mdou Moctar, wanda ya fara da jitar da ya haɗa da kansa da wayar birkin keke, shi ma bahago, Stratocaster yake zagaya duniya da ita.

Mai ƙirar kuwa yana can Fullerton cikin riga mai aljihu cike da alƙaluma da ƙananan sukurudireba, baƙo in ya shigo masana'anta yakan ɗauka lebura ne. Wani ciwon hanci mai naci ya kama shi tun shekarun 1950, ya ƙi jin magani, har ya fara ganin kwanansa sun kusa. A watan Janairun 1965 ya sayar da kamfanin ga CBS a kan dala miliyan 13, fiye da abin da CBS ɗin ya biya shekarar da ta gabata ya mallaki mafi yawan ƙungiyar wasa ta New York Yankees. Ya sa hannu cewa ba zai yi gogayya da su ba har shekara goma. Bai daɗe ba ya canza likita, aka ba shi magani, ya warke sarai. Ga kuɗi, ga lafiya, amma sunansa ya zama na wasu, ba shi da ikon rubuta Fender a kan abin da ya ƙera da hannunsa. Wannan wuri yakan sa ni yin shiru. Har yau makaɗa suna raba jitocin Fender gida biyu, na kafin CBS da na bayansa, na farkon su ne masu daraja. A 1985 CBS ya sayar da kamfanin ga wasu ma'aikatansa ƙarƙashin Bill Schultz a kan dala miliyan 12.5.

Bai zauna ba. Da wa'adin ya cika a 1975 ya zama shugaban Music Man, kamfanin da tsofaffin abokan aikinsa Forrest White da Tom Walker suka fara da taimakonsa, a 1976 suka fitar da bes mai suna StingRay mai ɗan batir a ciki da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Matarsa Esther ta mutu a 1979 bayan shekara arba'in da biyar da aure, ba su haihu ba. Ya sake aure a 1980. A daidai wannan lokaci shi da George Fullerton suka kafa G&L, harafin farko na sunayensu, George da Leo, tare da Dale Hyatt. A nan ya ƙare rayuwarsa, a kan titin da aka sa wa suna Fender Avenue, yana gyara abubuwan da yake ganin bai yi daidai ba a ƙirarsa ta farko. Jinsa ya yi rauni, cutar karkarwa ta Parkinson ta kama shi, duk da haka yana zuwa teburinsa har kusan ranarsa ta ƙarshe. Ya mutu ranar 21 ga Maris na 1991 yana da shekara 81. Shekara ɗaya bayan haka aka shigar da sunansa zauren girmama mashahuran kiɗan rok.

In koma kan jitar yaron. Na ba shi shawara ya huda sababbin ramuka a katakon ya ɗora mai ruwan kunkurun, ya ƙi, ya ce ramukan maɗaukan sauti ma ba su yi daidai da ƙwaƙulen katakon ba, tsirkiya za ta kauce wa maganaɗisu. Na auna da rula, gaskiyarsa. Sai muka ɗauki tsagaggiyar muka kai wa wani mai yanka robar allunan talla a kasuwa, ya kwantar da ita a kan baƙar roba ya zana ya yanka, ramuka takwas daidai inda suke. Fari yaron yake so da farko, mai yankan ya ce fari yana nuna datti da gumi, baƙi kuma yana nuna karta, ya zaɓi wanda zai iya haƙuri da shi. Ya zaɓi baƙi. Muka dawo gida muka shimfiɗa mata takardar gorar ruwa ta kicin a baya da gam, domin ya ce in hunturu ya bushe iska, yatsansa in ya gogi robar sai lasifika ta riƙa ƙas-ƙas.

Wurin mayar da wayoyi ne na ji kunya. Na lika ta farko, dalmar ta dunƙule ta yi duhu. Ya ce Kawu in kawo ya gwada. Ya dumama wayar da kanta tukuna sannan ya taɓa mata dalma, ta narke ta kwanta tana sheƙi. Haka ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, hannu ba ya rawa. Na tambaye shi inda ya koya, ya ce shi ke gyara wa ƙungiyarsu wayoyin lasifika tun bara, ba wanda ya taɓa tambayarsa a gida.

Bayan sati biyu na je wurin Yaya na yi mata maganar sa shi koyon aiki a shagon wani mai gyaran amfilifaya da talabijin a unguwarmu. Ta yarda da sharaɗin ya bar kiɗan dare. Shi kuma ya yarda da zuwa shagon, maganar barin kiɗa bai ce komai ba, har yanzu suna kai ruwa rana a kai. Wata na biyar ke nan yana zuwa. Garkuwar nan mai ruwan ƙoƙon kunkuru tana rataye a ƙusa a bangon shagon, yana jiran mai jitar da ramukanta goma sha ɗaya za su yi wa daidai.